Terminator ya dawo kasuwa bayan shekara 40, ina Sangaya da Turmin Danya suke?

A watan Nuwamban 2024, kamfanin Warner Bros. ya sake fitar da fim ɗin The Terminator a kan faifan 4K, albarkacin cikarsa shekara 40 da fitowa. Fim ne da duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan kallo a Dandume ko Funtua ko Malumfashi a shekarun 1990 zai iya ba da labarinsa, ko da bai riƙe sunansa ba. Da an ce "fim ɗin Kwamando wanda yake mutum-mutumi", an gama bayani. Arnold Schwarzenegger ya samu wannan laƙabi a ƙasar Hausa ne daga wani fim ɗinsa na 1985, kuma har ya yi gwamnan jihar Kalifoniya ya sauka, sunan bai sake shi ba a nan.

Da wuya a samu ko kwafi ɗaya na wannan faifai a duk kudancin Katsina. Na'urar da ke karanta shi daban ce, talabijin ɗin da ke nuna shi daban ne, ga kuma wutar da za a kunna su. Duk da haka labarin faifan ya shafi mai kallo a Dandume, domin yana nuna yadda masana'antar da ta adana tsohon kayanta take cin moriyarsa sau biyar sau shida, alhali tsofaffin fina-finan Hausa, waɗanda ba su kai Terminator shekaru ba, suna can suna ruɓewa a cikin kwalaye.

Fim ɗaya, ciniki barkatai

James Cameron ne ya ba da umarnin fim ɗin, wanda ya fito a Amurka a Oktoban 1984. An kashe masa kimanin dala miliyan 6.4, ya kuma tara kusan dala miliyan 78 a gidajen sinima. Labarin mai sauƙi ne: injuna sun ƙwace duniya, sai suka turo wani mutum-mutumi daga shekarar 2029 zuwa birnin Los Angeles na 1984 don ya kashe wata mata, Sarah Connor, kafin ta haifi yaron da zai jagoranci yaƙi da su. A lokacin 2029 tana da nisa kamar ba za ta zo ba. Yanzu ga ta a bakin ƙofa.

Kuɗin sinima kashi ɗaya ne kawai na abin da fim ɗin ya samar. Bayan sinima an sayar da shi a kaset. An sayar da shi a babban faifan nan na LaserDisc da bai yi tasiri a Najeriya ba. An sayar da shi a DVD, sannan a Blu-ray tun daga 2006, sannan aka ba gidajen talabijin da manhajojin kallo hayarsa, yanzu kuma ga 4K. Akwai mutanen da suka sayi fim ɗin nan sau huɗu a rayuwarsu, kuma kowane saye akwai wanda kuɗin ya shiga aljihunsa bisa yarjejeniya a rubuce.

Abu biyu ne suka sa hakan ya yiwu. Na farko, ainihin fim ɗin da aka ɗauka da kyamara, wanda aka naɗa a kan zaren majigi mai faɗin milimita 35, yana nan a ajiye. Duk lokacin da sabuwar fasaha ta zo, can ake komawa a sake ɗebo hoto, kuma zaren yana ƙunshe da bayanin da kaset da DVD ba su taɓa iya nunawa gaba ɗaya ba. A 2008 ma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa fim ɗin a jerin waɗanda ƙasar za ta adana a matsayin kayan tarihi.

Na biyu, an san mai shi. Cameron, lokacin yana matashi ba shi da ko sisi, ya sayar wa furodusa Gale Anne Hurd haƙƙin labarin a kan dala ɗaya tak, bisa sharaɗin shi zai ba da umarni. Daga baya haƙƙin ya yi ta yawo daga hannun wannan kamfani zuwa wancan, wasu suka karye, wasu aka saye su. Ciniki ne da ake iya cewa an yi wa Cameron wayo a cikinsa, amma kowane mataki yana da takarda. Wanda yake son sake fitar da fim ɗin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Rigimar goge fuska

Masu sayen irin waɗannan faifai yanzu ba su da yawa. Netflix ya daina aika wa mutane DVD ta gidan waya a Satumban 2023, kuma babban kantin Best Buy na Amurka ya daina sayar da faifan fina-finai a farkon 2024. Waɗanda suka rage masu tara fina-finai ne, irin mutanen da za su tsayar da hoto su ƙura masa ido su ƙirga gashin gira. Su ne kuma suka tayar wa Cameron da ƙura.

Hoton da aka ɗauka da zaren majigi yana da wani ɗigo-ɗigo a jikinsa, kamar an watsa tsakin masara mai laushi a kan allo. Ba datti ba ne, daga jikin zaren yake, kuma a cikinsa ƙananan bayanan hoton suke zaune. Lokacin da aka fitar da Terminator 2 a faifan 4K a ƙarshen 2017, bayan an sake haska shi a sinima a tsarin 3D, sai masu saye suka tarar an goge wannan ɗigon har fuskokin 'yan wasa sun koma sumul kamar na 'yar tsanar roba. An kuma gyara wasu kurakurai na ainihin fim ɗin da kwamfuta, ciki har da gilashin gaban wata babbar mota wanda ya faɗo a wani hoto, ya sake bayyana a na gaba. Wasu suka ce gyara ne, wasu suka ce an taɓa tarihi.

Abin ya ƙara zafi a Maris ɗin 2024, da aka fitar da Aliens da The Abyss da True Lies, duka na Cameron, a faifan 4K. Kamfanin Park Road Post na ƙasar New Zealand, mallakar darakta Peter Jackson, ya yi amfani da manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira wajen ƙara wa hotunan kaifi. Matsalar irin wannan manhaja ita ce ba ta tsaya ga fito da abin da ke cikin hoto ba, takan yi hasashen abin da ya kamata ya kasance a wurin ta cike gurbin. Tana iya ƙirƙiro tamoji a fuskar da ba ta da shi. Shi ma Terminator na 2024 bai tsira daga wannan muhawara ba, duk da masu sharhi da dama sun ce an sassauta hannu a kansa, kuma an dawo da ainihin sautin 1984, wanda aka sauya ƙarar bindigoginsa a kwafin da aka yi ta sayarwa shekara da shekaru. Ba sai an faɗa ba, akwai abin dariya a ce fim ɗin da ya tsoratar da duniya game da injuna masu tunani, yau inji mai tunani ne yake yi masa kwalliya.

Amma a lura da abin da ake faɗa a kansa. Ana jayayya ne a kan wane kwafi ya fi kusa da na asali, domin na asalin yana nan ana iya gwadawa da shi. Idan an ɓata na 2017, ana iya sake wani a 2030.

Yadda tsohon fim yake dawowa a Dandume

A nan ma tsofaffin fina-finai suna dawowa, sai dai ta wata ƙofar. Shagon mai tura fina-finai, da kwamfutarsa da tulin wayoyin caji a gabansa, shi ne ya gaji mai hayar kaset da mai sayar da faifai. Mutum ya miƙa waya ko memori, ya faɗi abin da yake so, ya biya 'yan nairori, a cika masa. A gari irin Dandume, inda kasuwar hatsi ke tara manoma da 'yan dako da direbobin manyan motoci daga nesa, ranar kasuwa ranar ciniki ce ga mai turawa, musamman da kaka lokacin da masara ta shigo kuma aljihu ya ɗan yi nauyi.

Faifan 4K yana ɗaukar gigabait 66 ko 100. Kwafin da ake turawa a waya bai wuce 'yan ɗaruruwan megabait ba. Wato yayin da ake can ana rigima a kan an goge ɗigo, a nan an matse hoton har ɗigon da fuskar duk sun narke. Ba wanda ya damu, domin abin da ke sabunta tsohon fim a nan murya ce, ba hoto ba. Tun da ɗakunan fassara na Kano irin su Algaita suka mayar da ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya sana'a, aka gano cewa fim ɗin da mutum ya kalla sau goma bai ji abin da ake cewa ba, idan aka sa masa Hausa da barkwanci da habaici ya zama sabo fil. Sana'ar ta wuce fina-finan Indiya, ta shiga na faɗa na Amurka da na Chana. Idan aka yi adalci, mai fassara ya fi manhajar Park Road sauya fim, don yakan sa wa jarumi maganar da marubucin bai taɓa mafarkinta ba. Bambancin shi ne mai kallo ya san da haka, kuma abin da ya biya ke nan.

Akwai dalilin da ya sa wannan kasuwa ba ta mutu ba duk da YouTube. Data tana da tsada, kuma ta ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Sannan mutanen wannan yanki sun ɗanɗana abin da mazauna Kano da Abuja ba su ɗanɗana ba. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Dandume da Sabuwa da Faskari da Funtua da Bakori da Malumfashi, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. An shafe watanni a haka. A wannan lokaci duk abin da ke intanet ya zama kamar babu shi. Abin da ke cikin memorin mutum shi ne nasa. Hujjar da masu tara faifai a Amurka suke kafawa ke nan, cewa abin da ba ya hannunka ba naka ba ne, sai dai su a baki suke faɗa, mutumin Dandume kuwa ya gani a aikace.

Ciniki a kan kwali

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa mai turawa yake da tsofaffin fina-finan Amurka da Indiya masu kyan gani, amma idan aka nemi tsohon fim ɗin Hausa, ko dai babu, ko kuma a samu wani kwafi mai rawa da layi-layi, sautinsa kamar daga cikin rijiya.

Amsar tana komawa ga yadda aka gina kasuwar tun farko. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, shi ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi don sayarwa a kaset. Shi da waɗanda suka biyo bayansa da kyamarar bidiyo aka ɗauke su, a kan kaset aka tace su, a kan kaset aka ajiye su. Babu wani zaren majigi da za a koma wa. Kaset ɗin asali, wanda 'yan sana'ar ke kira masta, shi ne iyakar abin da ake da shi.

Hanyar sayarwa kuma ta gaji tsarin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka riga suka kafa don kwafar fina-finan Indiya da na Amurka, kamar yadda masanin nan Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kai. Furodusa zai kai masta, ya buga kwalayen fim ɗin masu hoto, ya sayar wa 'yan kasuwa kwalayen. Su za su sayi kaset marar komai su naɗa, su saka a kwali su sayar. Ribar furodusa tana kan yawan kwalin da ya sayar. Tsari ne mai dabara, ya kuma yi aiki a zamaninsa, don shi ya kai fim ɗin Hausa har Maradi da Agadas da Kumasi. Amma ya koya wa kowa cewa darajar fim tana cikin makonnin farko na fitowarsa. Da kwali ya ƙare, an wuce wurin, hankali ya koma kan fim na gaba. Masta ya zama tsohon kaya, ba jari ba.

Da faifan CD ya kori kaset, sannan tura fim a waya ya kori CD, kasuwar ta rushe gaba ɗaya. Shagunan da suka riƙe mastoci sun koma sayar da wani abin. Kamfanoni sun watse. Da yawa daga waɗanda suka yi fina-finan sun rasu: Ahmad S. Nuhu a 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, Rabilu Musa Ibro a 2014. Masana'antar ta sami mafita a fina-finai masu dogon zango, kuma wannan yankin yana da hannu a ciki, domin Izzar So na Lawan Ahmad, wanda ya fara a 2020, a tashar YouTube mai suna Bakori TV yake fita. Amma mafitar ta sabon aiki ce. Ba ta ce komai ba game da Sangaya da Wasila, ko Ki Yarda Da Ni da aka ɗauko daga littafin Bilkisu Funtuwa.

Gaskiya ne ana samun wasu daga cikinsu a YouTube. Sau da yawa wani ne ya kwafo daga kaset ɗin da aka riga aka kalla sau ɗari, ya manna tambarin tasharsa a kai, yana karɓar kuɗin talla. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023 ta ba fim kariyar shekara 50 daga fitowarsa, wato ko Turmin Danya yana da mai shi a idon doka har zuwa 2040. Sai dai kariya ba ta da amfani idan ba a san wa za a kare ba. Furodusa ne, ko ɗan kasuwar da ya ba da kuɗin aiki, ko ƙungiyar wasan da ta watse, ko magada? Inda aka yi ciniki da baki da amana, kowa yana da labarinsa.

Darasin Shaihu Umar

An taɓa ceto fim ɗin Hausa, kuma yadda aka yi yana da abin lura. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓata. A 2016 aka gano gwangwanayen zarensa a cikin tsofaffin kayan Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Fim ɗin da ya girmi Terminator da shekara takwas ya dawo da kyansa.

Ya tsira ne saboda a zaren majigi aka ɗauke shi, kuma hukuma ce ta ajiye shi, ko da ajiyar ta sakaci ce. Kaset ba shi da wannan juriya. Maganaɗisun da ke riƙe da hoton yana raunana da shekaru, zafi yana sa zaren ya manne, laima tana kawo fumfuna. Masana adana kayan tarihi sukan ba shi shekara 10 zuwa 30, gwargwadon inda aka ajiye shi. Kaset ɗin 1995 ya riga ya cinye wa'adinsa. Na'urar kunna shi ma ta zama abin nema, tun da Funai na Japan, kamfani na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina a Yulin 2016.

Wani zai ce ai ga ƙirƙirarriyar basira, za ta gyara komai. A nan ne rigimar Cameron take da amfani. Idan manhaja ta ƙirƙiro tamoji a fuskar da aka ɗauka da zaren milimita 35, me za ta yi da fuskar da ba ta wuce 'yan ɗigo ba a kan kaset na uku ko na huɗu daga masta? Za ta zana wani mutum ne daban ta ce Ibro ne. Kuma idan mastan ya lalace, babu abin da za a gwada a ce ta yi ƙarya. Aikin da ke gaba ba na kwalliya ba ne: a nemo kaset mafi kusa da na asali, a juye shi cikin kwamfuta yadda yake ba tare da matsewa ba, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, a rubuta sunan mai shi. Gyara yana iya jira.

Wanda zai iya fara wannan aiki ba baƙo ba ne ga matsalar. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu, jarumin Sangaya da Wasila, shi ne shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda ma'adanar fina-finai da sauti ta ƙasa da ke Jos take ƙarƙashinta. Ya san darajar tsohon suna, don shi ya sake ɗaukar Mujadala a 2018, kamar yadda 'yan Kudu suka farfaɗo da Living in Bondage a 2019. Sai dai sake ɗaukar fim da sababbin fuskoki ba ya ceto na farkon, wani lokaci ma yakan binne shi. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda fina-finai ke bi ta hannunta tun 2001, da ƙungiyar MOPPAN, su ne suka fi kowa sanin wa ya yi me, kuma su za su iya zaunar da furodusa da ɗan kasuwa da magada a raba haƙƙi a rubuce tun waɗanda suka shaida cinikin suna raye.

Kasuwa kuwa akwai. Wanda yake saurayi lokacin Sangaya yanzu magidanci ne mai gona da iyali da waya a aljihu, kuma shagon mai turawa, wanda aka daɗe ana zagi da cewa shi ya kashe sana'ar, shi ne hanyar rarrabawa ɗaya tilo da ta isa kowane ƙauye ba tare da ta nemi data ba. Tsarin da zai ba shi kwafi mai kyau da izini, ya biya wani abu a kai, ba zai fi na kwali wahalar ƙirƙira ba.

Ba a Kano kaɗai kasetocin suke ba. Tsofaffin masu gidan kallo da masu hayar kaset a Funtua da Dandume da Malumfashi sun sayi fina-finan nan sababbi a makon da suka fito, kuma wasu ba su zubar ba, suna cikin buhu a ɗakin ajiya tare da taki da tsohon injin ban ruwa. Ga fim ɗin da mastansa ya ɓata, irin wannan kwafi na iya zama mafi kyawun da ya rage. Mai irin wannan buhu ya ɗauke shi daga ƙasa kafin damina, ya jera kasetocin a tsaye a wuri mai sanyi marar laima. Wanda ya ga farin fumfuna ta cikin tagar kaset kada ya saka shi a na'ura don gwaji: zaren zai iya tsinkewa, kuma na'urar za ta shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya.